Yadda ake bin haƙƙi idan an yi wa majinyaci sakaci a asibiti

Na daɗe ina taya mutane rubuta takardar koke a kan abin da aka yi musu a asibiti, wasu dangi ne, wasu maƙwabta, wasu kuma turo min su ake yi ban ma san su ba. Abin da yake ci min rai kullum shi ne yawancinsu da gaskiyarsu suke zuwa, amma sai ka ga mutum ya zo hannu rabbana, ba kati, ba rasit, bai san sunan likitan da ya yi wa matarsa tiyata ba, kuma an yi wata biyar da faruwar abin. A haka wallahi ko babban lauya ka ɗauka zai sha wuya. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi tun daga ranar farko.

Kafin nan akwai maganar da dole za a faɗa maka a gida, wato "ƙaddara ce, ka bar wa Allah". Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ne da lamunin ɓarnar da ya yi. In ka yafe ka samu lada, wannan zaɓinka ne, amma ka tuna hannun da ya yi wa taka matar sakaci gobe matar wani zai taɓa.

Kayan da zaka tanada

Littafin rubutu guda ɗaya da biro, wanda ba zaka rubuta komai a ciki ba sai wannan maganar. Waya mai kyamara. Leda mai kauri ko fayil na ajiye takardu. Katin asibiti da lambar foldar majinyaci. Duk wani rasit, har na naira ɗari biyu da ka biya na safar hannu. Takardun gwajin jini da na fitsari, hoton sikanin, hoton ƙashi, takardar da aka rubuta magani, takardar sallama, takardar turawa wani asibiti in an tura ku. Kwalayen magani da kwalaben allura da ledar jini in ta shigo hannunka, kar a zubar. Sai katin shaidarka na ƙasa, da ɗan kuɗin fotokofi da na rantsuwa a kotu, da mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin da idonsu kuma ba za su zame ba ranar da aka neme su.

1. Fara ceton majinyacin

In mutumin yana da rai, rigima ta jira tukunna. Ka nemi babban likitan sashen ya duba shi, in kuma hankalinka bai kwanta ba ka nemi takardar turawa ku koma wani asibitin. Kar ku sulale da dare ba sallama don fushi, za su rubuta a folda cewa kun gudu da majinyaci, kuma duk abin da ya biyo baya da wannan za su kare kansu. In sun ce sai ka sa hannu cewa ka fita ba da shawarar likita ba, ka rubuta dalilinka a jikin takardar da hannunka kafin ka sa hannun, misali tun ƙarfe kaza muke jira babu likita, sannan ka ɗauki hotonta. A sabon asibitin ka faɗa wa likita komai yadda ya faru don ya shiga cikin folda, wannan rubutun nasa shaida ne babba daga baya. In an ciro wani abu daga cikin majinyaci, auduga ce ko guntun ƙarfe, ka roƙa a rubuta a rahoton tiyata kuma ka ɗauki hoto.

Sannan kar ka taɓa lafiyar ma'aikaci. Na ga wani bawan Allah da gaskiyarsa tsaf, ɗansa ya rasu a hannunsa suna jiran likita, zuciya ta ɗebe shi ya mari nas, ƙarshe shi ya kwana a caji ofis, maganar yaron kuma ta bi ruwa saboda da ita aka yi cinikin sakinsa.

2. Rubuta komai yau, kar ka bari sai gobe

Nan ne littafin zai yi aiki. Ka rubuta rana da ƙarfe nawa kuka isa, wa ya karɓe ku, ƙarfe nawa likita ya zo, me ya ce, wace allura aka yi, wa ya yi ta, yaushe jiki ya rikice, wa ka kira, me ya amsa maka. Sunaye suna jikin rigar ma'aikata ko a allon jadawalin aiki da ke manne a bango kusa da teburin nas-nas. In baka samu suna ba ka kwatanta, mace ce doguwa mai gilashi, aikin dare ranar Talata, asibiti ya san wanda ya sa a wannan ranar. In baka iya rubutu ba ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin kwanan wata, daga baya wani ya juya maka a takarda. Mai jinyar da ta kwana a gindin gado ita ta fi kowa sanin abin da ya faru, yawanci gwaggo ce ko inna, ka zauna da ita tun abin yana ɗanye ka ce inna faɗa min daga farko, kana rubutawa, kar ka sa mata magana a baki.

Abin da ka gani da wanda ka ji da kunnenka kawai zaka rubuta. Wanda wani ya faɗa maka ka rubuta cewa wane ne ya faɗa. Kar ka ƙara gishiri ko kaɗan, ƙarya ɗaya in aka kama ta a gaban kwamiti sauran gaskiyar taka ma sai ta zama abin shakka. Wayar da ka ɗauki hotuna da saƙonnin WhatsApp da ita kar ka sayar, kar ka goge, saboda sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta samar da shaidar kafin kotu ta karɓa.

3. Nemi kwafin folda kafin a san kana shirin ƙara

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Folda ta asibiti ce, ba za su baka ita ka tafi da ita ba, amma bayanin da ke ciki haƙƙin majinyaci ne. Kundin haƙƙin majinyata da mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a watan Yuli na 2018 ya lissafa haƙƙoƙi 12, ciki har da samun bayanan jinyarka da kai ƙorafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan kowane majinyaci, sashe na 29 ya ce wanda ya canza su ko ya lalata su ko ya ƙirƙiri na ƙarya zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun.

Ka rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban asibitin, kana neman rahoton jinya da kwafin folda mai hatimi. Kar ka sa zargi a ciki, kar ka ambaci kotu. Ka yi kwafi biyu, ka ba su ɗaya, ɗayan su buga maka sitamfi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. In sun ƙi bugawa ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit ɗin. Majinyacin ne zai sa hannu da kansa in zai iya, in yaro ne mahaifi ko mahaifiya, in ya rasu magajinsa na kusa tare da takardar shaidar mutuwa, saboda doka ta hana su ba wa kowa sirrin majinyaci haka kawai, kuma a nan suna da gaskiya.

Ba rahoton likita mai shafi ɗaya kaɗai kake nema ba, shi wannan taƙaitawa ce kuma wanda ake zargi ma zai iya zama shi ya rubuta. Ka ambaci abubuwan da suna: rubutun likitoci na kullum, rubutun nas-nas, takardar awon jini da zafin jiki da bugun zuciya, takardar ba da magani, rahoton tiyata, rahoton mai ba da maganin barci, takardar amincewa da ka sa wa hannu, in haihuwa ce har da takardar bibiyar naƙuda. Sau da yawa gaskiya a rubutun nas take, don ita ce take rubuta an kira likita ƙarfe 2, an sake kira ƙarfe 4, bai zo ba. In sun ce folda ta ɓata ka ce su rubuta maka haka a takarda. In suna ta je ka dawo, lauya ya rubuta musu, in an shiga kotu kuma alƙali zai iya ba da umarni a kawo ta.

4. In an yi rasuwa

Mu nan da zarar rai ya yi halinsa hankali yana kan sutura, kuma haka ya kamata. Amma kafin a fita da gawa ka tsaya a baka takardar shaidar mutuwa wadda aka rubuta sanadi a jiki, ka karanta ko a karanta maka. Maganar binciken gawa kuwa abu ne mai nauyi a wajenmu, ni ban taɓa matsa wa wani iyali ba, amma dole in faɗi gaskiya: in asibiti ya ce ciwon ne ya kashe shi kai kuma ka ce allurar ce, binciken gawa ne ya fi raba gardama, kuma ta wajen 'yan sanda ake bi kafin a binne don a samu umarnin majistare. In iyali sun ƙi, shikenan a yi jana'iza, sai a ƙara ƙarfi a kan folda da shaidu, ana iya ci gaba da su.

5. Kai wa wani likitan ya duba maka tsakani da Allah

Ba duk mutuwa ko larurar da ta biyo bayan tiyata ce sakaci ba, wannan sai ka daure ka ji shi. Doka ba ta ce dole likita ya warkar ba, abin da take tambaya shi ne shin ya yi abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan halin. Abu huɗu ake nema: an karɓi majinyacin a matsayin wanda ake kula da shi, an kauce wa ƙa'idar aiki, an samu cutarwa, kuma kaucewar ce ta jawo cutarwar. Na huɗun nan shi ne yake kayar da mutane. Akwai waɗanda suke a fili, kamar ƙarin jinin da ba rukuninsa ba, ko yanke ƙafar da ba ita ba, ko barin mai naƙuda tana zubar da jini ba wanda ya leƙo, ko ƙin karɓar wanda aka kawo a gaggauce sai an biya kuɗi, wanda sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya haramta da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6.

Amma ko wanda kake ganin a fili yake kar ka shiga kotu ba likita a bayanka. A shari'ar Ojo da Gharoro, allurar ɗinki ce ta karye a cikin wata mata lokacin tiyata a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, hoto ya nuna guntun yana ciki, amma har Kotun Ƙoli a 2006 ba ta yi nasara ba, kuma cikin dalilan akwai cewa ba ta kawo likita ƙwararre da zai ce sakaci ne ya karya allurar ba. Likitocin gari ɗaya sun san juna, da wuya wani ya yarda ya tsaya a kan abokin aikinsa, don haka ka nemi na wata jiha ko wanda ya yi ritaya. In ya duba ya ce maka ɗan'uwa a nan sun yi iya yinsu, ka ji ta bakin wani guda ɗaya, in shi ma haka ya ce to ka haƙura, kar ka ɓata wa wanda bai ji ba bai gani ba suna.

6. Zaɓi ƙofar da zaka ƙwanƙwasa

Ka fara tambayar kanka me kake so, bayani da ban haƙuri ne, ko a hukunta ma'aikaci, ko diyya, don kowanne da ƙofarsa.

Ƙofar farko asibitin kansa, takarda zuwa ga shugaba, in na tarayya ne akwai ofishin SERVICOM a ciki, wato ofishin karɓar ƙorafi a kan ayyukan gwamnati. In na jiha ne ka aika kwafi ga hukumar kula da asibitocin jiha da kwamishinan lafiya. In mai zaman kansa ne ma'aikatar lafiya ce take ba shi lasisi, a Kano akwai hukumar PHIMA da aka kafa don su. Akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya wadda ke da ofis a jihohi, ita wannan ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 ko wanda yake gaban kotu.

In likita ne ko likitan haƙori, hukumar kula da aikin likitoci, wato MDCN, ce uwar gidansu, tana Abuja. Su ba wasiƙa suke karɓa ba, takardar rantsuwa ce wato afidabit, kuma wannan kuskuren na gyara wa mutane shi ba adadi. Zaka rubuta sakin layi ɗaya bayan ɗaya da lamba, sunanka da adireshinka da dangantakarka da majinyaci, cikakken sunan likitan da asibitin, abin da ya faru bi da bi da kwanan wata, ka maƙala kwafin takardunka, ka je rajistarar babbar kotu ka yi rantsuwa a buga hatimi, sannan ka aika zuwa ga shugaban kwamitin binciken likitoci na hukumar. Za su tura wa likitan ya mayar da martani shi ma da rantsuwa, su kira ku, in sun ga akwai abin tuhuma su miƙa wa kotun ladabtarwa. Ita wannan kotun za ta iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi har wata 6, ko ta soke sunansa daga rajista gaba ɗaya, ɗaukaka ƙara kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ake zuwa. Amma fa ba ta ba da ko sisi na diyya, ka san da wannan tun yanzu. In nas ce ko ungozoma, hukumarsu NMCN zaka nufa, mai haɗa magani da mai kemis PCN, mai gwajin jini MLSCN. In kuma ta bayyana mutumin ba likita ba ne ma, farar riga kawai ya samu, wannan kai tsaye wajen 'yan sanda da ma'aikatar lafiya.

7. In diyya kake nema, agogo yana tafiya

Diyya babbar kotu ce take bayarwa, kuma a nan tarkon yake. In asibitin gwamnati ne ko ma'aikacin gwamnati, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3 daga faruwar abin. Wata uku fa, kafin a gama zaman makoki da sadakar arba'in rabi ya tafi. Lauyoyi suna da wasu kafofi da suke bi in an makara, amma kar ka jingina da su. Wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su takardar sanarwa kafin a kai su kotu, ita ma tana cin kwanaki daga cikin wata ukun. Abin da ya fi cutar mutane shi ne a ce musu an kafa kwamiti ku jira sakamako, suna jira lokaci yana wucewa, don koken da ka kai asibiti ko MDCN ba ya tsayar da wannan agogon. Asibiti mai zaman kansa wa'adinsa ya fi tsawo, ya danganta da dokar jiha, amma shi ma yana ƙarewa. Ka ga lauya a satin farko ko na biyu, ko da baka yanke shawarar ƙara ba.

A haɗa asibitin da likitan a ƙarar, saboda asibiti yana ɗaukar alhakin ɓarnar ma'aikacinsa kuma shi ne mai abin biya. In baka da kuɗin lauya ka gwada hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid, ko ƙungiyar lauyoyi mata FIDA musamman in maganar haihuwa ce, ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa NBA na garinku, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Rasitan nan da na ce ka tara a nan za su yi rana, kuɗin da ka kashe sai wanda ka nuna a takarda kotu take lissafawa.

8. Ka riƙe hannunka daga Facebook, ka buɗe ido wajen sulhu

Na san zafin da ake ji, amma sa hoton likita da sunansa kana kiransa makashi kafin a yi bincike zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna, sai mai neman haƙƙi ya koma wanda ake tuhuma. In dole sai ka yi magana da 'yan jarida lauyanka ya duba kalaman.

Sulhu kuma alheri ne, yawancin maganganun da na sa hannu a ciki ma da shi suka ƙare, an turo manya, an zauna, an ba da haƙuri. Sai dai kar ka je zaman kai kaɗai, kar ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba, don wata a cikinta an rubuta ka janye duk wani haƙƙi har abada a kan an yafe maka kuɗin gado. In majinyacin yana da sauran jinya a gaba, kamar matar da ta samu yoyon fitsari ko jaririn da ya samu matsalar ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, a lissafa kuɗin jinyar gaba a cikin yarjejeniyar, a rubuta nawa ne, wa zai biya, wace rana. In mamacin ya bar marayu, haƙƙinsu ne ake magana a kai, baffa ko kawu ba shi da ikon yafe rabon yara ƙanana don kunyar manyan da suka zo, a tambayi malami kafin a amsa. Takardun asali kuma su zauna a wajenka har ranar da kuɗin ya shiga hannu, kwafi kawai zaka dinga ba wa kowa, har lauyanka.